Bayan An Tashi Zaman Makoki



Ran da uba ya rasu, gida yakan cika da masu gaisuwa. Bayan 'yan kwanaki a naɗe tabarmi, kowa ya koma gonarsa. A lokacin nan ne za a san ko 'ya'ya suna tunawa da ubansu da gaske.

Allah bai hana mu kuka ba. Ubangiji Yesu da kansa ya zub da hawaye saboda abokinsa Li'azaru (Yahaya 11). Amma tunawa da uba ya wuce hawaye.

Ku buɗe Farawa sura 50. Yakubu ya rasu a Masar yana da shekara 147. Ɗansa Yusufu ya faɗi a kansa yana kuka. Masarawa suka yi makoki kwana 70. Sa'an nan aka ɗauki gawar har ƙasar Kan'ana, aka binne ta a kogon Makfela inda Ibrahim da Ishaku suke kwance, gama haka tsohon ya roƙa. Da suka komo, sai tsoro ya kama 'yan'uwan Yusufu. Su ne suka sayar da shi tun yana ɗan shekara 17. Suka zaci yanzu da uba ba ya nan, zai rama. Yana da iko, Masar duka tana hannunsa. Amma ya yafe musu, ya ɗauki nauyin cinsu da na 'ya'yansu. Wannan ita ce babbar girmamawar da ya yi wa mahaifinsa.

Nawa mahaifin manomi ne, bai iya karatu ba. Mu da ya sa a makarantar mishan mu ne muke karanta masa Littafi Mai Tsarki da dare, a hasken fitila. A yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari a ƙasar Maradi, hatsin rumbunmu ya kusa ƙarewa. Duk da haka yakan auna tiya guda ya ba ni in kai wa wata gwauruwa maƙwabciyarmu, ita kuwa ba Kirista ba ce. Bai taɓa matsar da gambar iyakar gonarsa ko taki ɗaya zuwa cikin ta wani ba. Bai bar mana dukiya ba, amma ya bar mana hanya.

To, ɗan'uwa, kai fa? Gidaje nawa muka gani, ƙasar kabari ba ta bushe ba, wa da ƙane suna gaban mai gari a kan gona? 'Yan uba sun daina gaisawa. An bar tsohuwa ba mai kai mata fura. Wanda ya yi haka, ko ya yanka sa ranar jana'iza, ya riga ya manta da ubansa.

In kana so ka tuna da shi, ka biya bashin da ya bari. Ka riƙe mahaifiyarka da ƙannenka. A raba gado da gaskiya a gaban dattawa, kada a danne rabon mata da marayu. In akwai tsohuwar gaba a gidan, kai ka fara zuwa neman sulhu.

Manzo Bulus ya koya wa masu bi na Tasalonika cewa baƙin cikinmu yana da bege a ciki, domin Yesu ya mutu ya tashi, waɗanda suka mutu suna dogara gare shi kuma za su tashi (1 Tasalonikawa 4). Sai dai bangaskiya ba a gadonta kamar gona. Kowa sai ya ba da gaskiya da kansa. Ka riga ka ba da ranka ga Almasihu?

Mu yi addu'a. Ya Uba na sama, mun gode maka domin iyayen da ka ba mu. Ka ta'azantar da masu makoki, ka haɗa kan gidajenmu, ka tsare mu har ranar tashin matattu. Cikin sunan Yesu. Amin.