Allon Shago da Tutar Ƙasa: Wa Ke da Zuciyarku?

Karatu: Matiyu 22:15-22, Irmiya 29:4-7



Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ya miƙe yamma ya nufi Bungudu, ya san bakin hanyarmu ba ya rabo da abin kallo. Ga rumfar mai faci, ya jingina tsohuwar taya a bakin kwalta don ta yi masa talla, ba ya bukatar rubutu. Ga ɗan bumburutu ya jera kwalaben fetur a kan benci suna sheƙi a rana. Ga ɗan ƙaramin shago wanda mutum biyu ba za su iya juyawa a ciki ba, amma a nan ake cajin waya, a nan ake cire kuɗi, a nan ake sayar da sabulu da maganin sauro da ruwan leda, allon ƙofarsa kuwa ya ɗauki sunan da ya fi ƙarfin babban kanti. Ga babbar mota ta wuce, an zana zaki a bayanta, an rubuta cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ga bangon mai shayi, hoton ɗan takarar bara a kan na bara waccan, wani kan wani, har bangon ya yi kauri.

A cikin waɗannan duka, ku lura da tela. Keke ɗaya gare shi. Da shi yake ɗinka anko na zumuntar mata, da shi yake ɗinka rigunan 'yan jam'iyya idan zaɓe ya matso, da shi kuma yake haɗa kore da fari da kore idan ɗaya ga Oktoba ta kusa. Keke ba ya tambaya, duk yadin da aka sa masa ɗinkawa yake yi. Amma zuciyar mai bi ba keken ɗinki ba ce. Tambayar da ke gabanmu ke nan: shin mutumin da ya ba Yesu Almasihu ransa zai iya ƙaunar Nijeriya da gaske? In zai iya, ina iyakar wannan ƙauna?

Manzo Bulus a bakin hanya

Kada ku ɗauka kallon shaguna aikin banza ne. A Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus ya zaga birnin Atina yana duban abubuwan da mutane suka kakkafa, har ya ga bagadin da aka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Da wannan rubutu na bakin hanya ya buɗe wa'azinsa, ya kuma koya masu cewa daga mutum ɗaya Allah ya fito da dukan al'ummai, shi ne kuma ya yanka wa kowace lokacinta da wurin zamanta. To, ƙasa kyauta ce daga hannun Allah. Ba kuskure ya sa aka haife ku a nan ba.

Amma ku buɗe sura 19. A Afisa akwai wani maƙerin azurfa, Dimitiriyas, wanda ke ƙera 'yan ƙananan siffofin haikalin Artimis yana sayarwa. Da bishara ta fara rage masa ciniki, bai fito ya ce aljihunsa kaɗai ke ciwo ba. Ya tara abokan sana'a, ya haɗa maganar riba da maganar darajar allahiyar garinsu, gari ya ruɗe, taro ya yi wajen awa biyu yana ihu. Littafin ya nuna cewa yawancin masu ihun ba su ma san abin da ya tara su ba. Ku riƙe wannan. Sau da yawa idan aka kaɗa gangar kishin gari ko kishin ƙasa, akwai mai shago a bayan fage da ke lissafin ribarsa.

Hoton wa ke kan kuɗin?

Ku zaro takardar kuɗi daga aljihu ku duba. A kan naira ɗari akwai Awolowo, a kan ɗari biyu Sardauna Ahmadu Bello, a kan ɗari biyar Azikiwe, a kan naira ashirin Murtala Muhammed. Musulmi da Kirista, Arewa da Kudu, duk suna kwana a akwatin mai shago ɗaya ba tare da faɗa ba. Wanda ke cewa babu ruwansa da Nijeriya, da kuɗinta yake sayen hatsi, a kan kwaltarta yake tafiya, takardar shaidarta yake nema wa ɗansa.

Sa'ad da Farisiyawa da mutanen Hirudus suka ɗana wa Yesu tarko a kan haraji, sai ya sa aka kawo dinari, ya tambaye su siffar wa da sunan wa ke jikinsa. Da suka ambaci Kaisar, ya nuna masu cewa Kaisar yana da hakkinsa, Allah kuma yana da nasa, kowane a mayar masa. Yanzu ku tambayi kanku: in kuɗi na wanda siffarsa ke kai ne, ku fa siffar wa kuke ɗauke da ita? Farawa sura 1 ta ba da amsa, cikin siffar Allah aka yi mutum. Saboda haka gwamnati tana da rabo a aljihunku, da ƙarfinku, da biyayyarku ga doka. Ku kanku kuwa, ranku da lamirinku da sujadarku, na Allah ne shi kaɗai.

Ku dubi kuma yadda allon ƙasa ke sauyawa. Dattijon da aka haifa a Gusau kafin 1960 ya zauna ƙarƙashin Turawa a Lardin Sakkwato. A 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ɗan Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoba 1996 kuma ɗan Jihar Zamfara, alhali ko ƙofar gidansa bai sauya ba. An sauya masa taken ƙasa a 1978, aka sake mayar masa da tsohon a 2024. Dutsen Kwatarkwashi yana nan tsaye yana kallon duk wannan, shi ma wata rana zai shuɗe. Abin da ake sauya wa allo haka ya cancanci hidima da ƙauna, amma bai isa a jingina rai madawwami a kansa ba.

"Me ƙasar ta yi mini?"

Wani ɗan'uwa zai ce: "Ana maganar kishin ƙasa, ni me ta yi mini? A nan aka haife ni, amma har gobe baƙo ake ce mini. Ba na shiga mota zuwa Funtuwa sai na yi sallama da iyali kamar ba zan dawo ba. Gonata tana can, ban isa in je ba." Wannan kuka gaskiya ne, kada kowa ya rufe bakin mai yin sa da ayoyi. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba 1999, masu bi da yawa suke jin kamar a gefen tabarma suke zaune. Wasunmu kuwa Hausawa ne gaba da baya, kakanninsu a wannan ƙasa aka binne su, ba su da wani garin da za su koma.

To, ku saurari abin da Allah ya aika wa mutanen da suka fi mu dalilin fushi. Wasiƙar Irmiya ba ga mazauna Urushalima aka rubuta ta ba. An aika ta ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, birnin maƙiyansu. Allah ya umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi lafiyar wannan birni, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Bai ce su jira sai Babila ta kyauta masu ba. In har an ce a nemi alherin Babila, ina dalilin da za mu zagi Tsafe, ko mu la'anci Nijeriya da bakin da muke yabon Ubangiji da shi?

Ku kuma tuna cewa baƙin cikin jihar nan bai tambayi addinin kowa ba. 'Yan matan da aka sace daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu 2021, da manoman da aka kora daga ƙauyuka, da matan da ke bara da goyo a titunan Gusau, mafi yawansu maƙwabtanmu Musulmi ne. Ruwan da ya daki bako shi ya daki ɗan gari. Yesu ya yi kuka a kan Urushalima, birnin da ya san zai gicciye shi. Wanda bai taɓa zubar da hawaye domin garinsa ba, bai kai ga irin zuciyar Ubangijinsa ba tukuna.

Kishin ƙasa a bayan kanta

Ƙaunar ƙasa ta mai bi ba ta ƙare a rataya tuta. A bayan kanta ake gwada ta. Karin Magana sura 11 ta ce ma'aunin zalunci abin ƙyama ne ga Ubangiji. Idan an rubuta sunan Allah a allon shagonku, mudunku kuma an buga masa gindi, wannan allo shaida ce a kanku. Idan kuna sayar da magani da kuka san ya lalace, ko takin da aka gauraya da yashi, kun cuci ƙasa fiye da wanda bai iya rera takenta ba.

Ga wani gwaji mai zafi. A watan Satumba 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. Talakawa sun sha wuya ƙwarai, ƙananan 'yan kasuwa da dama jarinsu ya karye. Amma dokar ta tona wani abu da kowa ya sani: babur ba ya gudu a daji sai da mai, mai kuwa daga gari yake fita. Idan wani ya zo da dare zai sayi jarka biyar ninki biyu na farashi, ko burodi buhu guda, kun kuma san inda za a kai, nan ne bangaskiyarku da kishin ƙasarku suke zama abu ɗaya. Ƙin wannan ciniki yana iya jawo asara, har da barazana. Amma ribar da aka samu da jinin maƙwabci, ko an fitar da zakkarta an kawo majami'a, Allah ba ya karɓa.

Sauran hakkokin sanannu ne. Romawa 13 ta ce a biya haraji. Timoti ta fari sura 2 ta ce a yi addu'a domin masu mulki, ba ta ware waɗanda muka zaɓa kaɗai ba. Ku karɓi katin zaɓe, ku jefa ƙuri'a, kada ku sayar da ita da taliya da sabulu. Neman hakki ma hidima ce ga ƙasa. Bulus ya yi amfani da matsayinsa na ɗan Roma a Filibi da Urushalima, bai ji kunya ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin addini, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Mai bi da ya nemi wannan hakki cikin ladabi da gaskiya, ƙasarsa yake tuna wa alkawarinta.

Inda iyaka take

Daniyel ya yi wa sarakunan Babila da Farisa aiki da aminci har maƙiyansa suka rasa laifin da za su kama shi da shi. Amma ran da doka ta hana addu'a, ya buɗe tagoginsa ya durƙusa kamar kullum. Abokansa uku sun riƙe muƙamai a lardin Babila, amma sun ƙi rusuna wa gunkin zinariya. Ba su ƙone fada ba, ba su ɗauki takobi ba, sun dai ƙi, suka kuma yarda su ɗauki sakamakon. Haka Bitrus da manzanni suka zaɓi biyayya ga Allah a gaban majalisa. Duk ran da shugaba, ko jam'iyya, ko maigida a ofis ya nemi ku yi ƙarya, ku sauya lissafi, ku yi shaidar zur, ko ku musunci Ubangijinku, ya tsallake iyakar Kaisar ya shiga gonar Allah.

Akwai kuma wani gunki da ya fi wuyar ganewa, domin yakan sa rigar coci. Shi ne mayar da sunan Kirista ya zama ƙabila, mu da su, namu da nasu. Annabi Yunusa ya ƙaunaci al'ummarsa har ya yi fushi da Allah don ya ji tausayin Nineba. Idan saƙo ya shigo wayarku yana zagin dukan Fulani ko dukan Musulmi, ku kuma tura shi gaba da sunan kishin addini, kun shiga taron Afisa, kuna ihu ba ku san wa ya tara ku ba. Mu da muke kiran kanmu mutanen Fentikos, mu tuna abin da ya faru a ranar. Ruhu Mai Tsarki ya sauko, mutanen ƙasashe dabam-dabam suka ji manyan ayyukan Allah kowa da harshensa. Wutar da ta haɗa harsuna ba za ta koya mana ƙiyayyar ƙabila ba.

Bulus ya rubuta wa Filibiyawa, mutanen da ke alfahari da zamansu 'yan Roma, cewa ainihin ƙasarmu a sama take. Wanda ya san wannan shi ya fi iya ƙaunar Nijeriya, domin ba ya neman ta zama masa mai ceto. In ta kyauta masa ya gode, in ta ba shi kunya bai yanke ƙauna ba, gobe da safe zai buɗe shagonsa ya auna mudu cikakke.

Abin yi a wannan mako

Ku zaɓi maƙwabci ɗaya da ba addininku ɗaya ba wanda rashin tsaro ya taɓa, ku kai masa gaisuwa da abin hannu. Ku ambaci gwamna da shugaban ƙaramar hukumarku da sarkin garinku cikin addu'ar iyali. Ku duba ma'auninku.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin ƙasar da ka sa mu a ciki. Ka ji tausayin Tsafe da Gusau da Bungudu da dukan Zamfara. Ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ka buɗe hanyoyin gonaki, ka juyo da zukatan masu riƙe da bindiga. Ka ba shugabanninmu tsoronka. Ka cika mu da Ruhunka, mu ba ƙasa hakkinta da aminci, mu ba ka zuciyarmu ɗungum. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.