Gudun Asuba a Gaɓar Kwazazzabo

A wani ƙauye da ke tsakanin Daura da Zango an yi wani saurayi da ya ƙwallafa rai a kan aikin soja. Ya gama sakandare a Daura, ya cike takardar neman shiga ta intanet, kuma ya ji daga bakin waɗanda suka riga shi cewa kafin mutum ya ga ƙofar Defo a Zariya sai an gwada shi da gudu. Don haka ya sayo takalmin gwanjo a kasuwar Mai'aduwa, ya sa wa wayarsa manhajar da ke ƙirga tafiya, ya fitar da hanyar da zai riƙa kewayawa kullum bayan sallar Asuba.

Hanyar ba ta wuce kilomita 6 ba, amma ba ta raggo ba ce. Daga bayan gari take shiga burtali mai shingen aguwa, ta haura wata jigawa. Ƙasar Daura rairayi ce, ƙafa na nutsewa, ga ƙarangiya tana jiran safa. Daga kan jigawar, idan damina ta zauna, gero ne kore iyakar gani, da kukoki, da itatuwan gawo tsaye ba ganye, don shi gawo sai da rani yake sa sutura. Daga nan hanyar ta gangara ta bi gaɓar wani kwazazzabo mai zurfin da ya fi tsayin mutum biyu, sannan ta karkato gida.

A bakin kwazazzabon akwai gonar wani dattijo. Kullum saurayin ya zo wucewa, dattijon kan jingina da hauyarsa ya ɗaga masa hannu, shi kuwa ya wuce fuu, iyafis a kunne, ido a kan waya. Maganar ta kai gida. Kawunsa ya kira shi ya ce, "Kai, an ce kana ratsa mutane a gona ba ko sallama. A gidan nan ka koyi haka?"

Ya ce, "Kawu, agogo nake bi. In na tsaya gaisuwa lissafin ya lalace." Har ya nuna masa Kipchoge na Kenya a waya, wanda ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a shekarar 2019, ya ce ai wannan ba ya tsayawa gaida kowa. Kawu ya ce, "Shi hanya aka share masa. Kai wa ya share maka?"

Cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa. Abin da manomi ya sani, wanda waya ba ta sani ba, shi ne ruwa ba daga sama yake cin gaɓa ba. Ta ƙarƙashi yake rarake rairayin, ya bar ɓawon ƙasa a sama, da ciyawarsa da sawun jiya, kamar ba abin da ya faru. Dattijon ya ga tsagewar tun da ya iso gona. Da ya hango saurayin ya saki hauya ya nufo shi yana ɗaga hannu biyu yana cewa, "Samari, kauce wa gaɓa! Bi ta cikin geron!" Saurayin ya ga baki na motsi, ya ɗauka mitar gaisuwa ce ta tsofaffi, ya ƙara mai.

Taku kaɗan ƙasa ta zame da shi.

Allah ya sa ruwan ya riga ya janye, sai laka. Amma ƙafar hagu ta karye a sama da idon sawu, wayar kuma ta nutse, ba a sake ganinta ba. Dattijon ba shi da ƙarfin ciro shi. Sai ya kira 'yan kiwo biyu, suka zagaya ta inda shanu ke sauka, suka tallabo shi, aka ɗaura wa shanun huɗa amalanke aka kai shi wurin mai ɗori. A kan hanya, tsakanin nishi da kunya, ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Dattijon ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗana. Tun ruwan farko nake so in gaya maka gaɓar nan ba ta da amana. Shekaran jiya ma ta ci mini kunya uku. Amma ta ina zan gaya wa wanda bai tsaya ba?" Da kawu ya kawo masa kuɗin goro ya ƙi karɓa, ya ce da kakan yaron suka yi karatun allo.

Aka yi gwajin ɗaukar soja na wannan shekarar yana kwance a kan tabarma, ƙafa cikin karan ɗori.

Da ya warke, bayan an gama girbi, ya koma hanyarsa ba iyafis. Daga nan yakan rage gudu a kowace gona ya ce, "Sannunku da aiki." Gaskiya ne, hakan ya ƙara masa 'yan mintoci. Sai dai a cikin mintocin nan ne wata tsohuwa ta nuna masa inda kububuwa ke kwanciya a gindin aguwa, 'yan kiwo suka nuna masa wata ƙeƙuwa mai tauri da ta fi rairayi daɗin taku, dattijon kuma ya matsar masa da hanya nesa da gaɓa, ta cikin gonarsa, ya ce ya bi kunya ɗaya kada ya taka shuka.

Ya samu shiga soja a ɗauka ta gaba. Ƙafar dai har yau tana yi masa tsami duk lokacin da hunturu ya shigo.