KA BAR SHI YA GAMA MAGANARSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa matashi, idan ka zauna muƙabala da wanda kake ganin ya ɓata, me kake nema? Ya dawo kan gaskiya, ko a yi maka kabbara don ka kunyata shi? Da yawanmu na biyun muke nema. Shi ya sa sai ka ga mutum bai kai ƙarshen jimla ba an katse shi, an ce jahili ne, wani ma har a kafirta shi.

To, dubi Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi. Bayan yaƙin Siffin, a shekara ta 37 bayan Hijira, Hawarijawa suka ware daga Sayyidina Aliyu suka taru a Harura. Ibnu Abbas ya sa tufafinsa masu kyau ya same su har inda suke. Bai fara da zagi ba. Cewa ya yi su faɗi abin da suke tuhumar Aliyu da shi. Suka kawo uku: ya sa mutane hukunci a lamarin Allah, ya yi yaƙi bai kama bayi ko ganima ba, kuma ya goge laƙabinsa na Amirul Muminina a takardar sulhu. Sai ya tambaye su, akwai saura? Suka ce babu. Wannan tambaya ita muka rasa yau, wallahi.

Sannan ya bi su ɗaya-ɗaya. Ya kawo aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya sa mutum biyu su sasanta miji da mata. Ya ce za ku kama uwarku A'isha baiwa? Ya tuna musu Hudaibiyya, inda Annabi (S.A.W.) ya yarda aka goge laƙabin Manzon Allah. Ruwaya ta nuna mutum 2,000 suka dawo.

Za ka ce ai sassauta wa mai ɓata raini ne ga gaskiya. A'a, Ibnu Abbas bai bar musu ko hujja ɗaya a tsaye ba, mutuncinsu kawai ya bari.

Saboda haka idan aka ba ka shugabancin zama, ka raba lokaci daidai, kuma ka tsayar da duk wanda ya yi zagi, ko da malaminka ne.