Taku Biyu Tsakanin Kantoci

A tsarin Dewey, wanda ɗakunan karatu da yawa ke bi wajen jera littattafai, Musulunci yana lamba 297, ilimin zamantakewa kuwa daga 300 yake farawa: siyasa 320, tattalin arziki 330. Taku biyu ne tsakanin kantocin, amma ɗalibaina ba su cika yin takun ba. Ɗalibi zai zo ya ce mini, "Malam, na duba laburare, babu komai a kan haraji kafin zuwan Turawa." In ce masa, ka buɗe Kitabul Farƙi? Sai ya dube ni da mamaki, don a wurinsa wannan littafin zaure ne, ba na jami'a ba.

To amma a cikin wannan ɗan littafi, wanda ake danganta wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da sunayensu na Hausa, ana lissafa abin da sarakunan Haɓe ke karɓa daga talakawa. Mai binciken tattalin arzikin ƙasar Hausa da bai karanta shi ba ya bar shaida a ƙofar kotu. Haka Liya'ul Hukkami na Abdullahin Gwandu, wanda ya rubuta a Kano kan yadda za a tafiyar da mulki. Haka kundayen alƙalai na gado da saki da rikicin gona. Irin waɗannan takardu na ajiye a Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar IRSH a Yamai.

Abin da ya fi damuna ba rashin sanin wuraren ba ne. Wani abu ne da ke cikin zuciya. Idan ɗalibi mai tsoron Allah ya ɗauki littafin Shehu, sai hannunsa ya yi nauyi. Yana jin cewa tambayar "wa ya rubuta, a wane hali, don wa" rashin ladabi ne ga waliyyi. Rahoton Di'o zai iya yi masa filla-filla, ya ce ai wannan don tara haraji aka rubuta, kuma ya yi gaskiya. Littafin malami kuwa ko dai ya haɗiye shi ɗungurungum, ko ya kauce masa don gudun saɓo. Ni ina ganin wannan tsoro bai da tushe a cikin addinin kansa.

Ibnu Khaldun alƙalin Malikiyya ne a Alƙahira, ba ɗan boko ba. A Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya tsaya a kan labarin da Mas'udi da wasu suka kawo cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa sun kai 600,000. Bai ce Mas'udi maƙaryaci ba ne. Ya tambaya ne: wane fili zai ɗauki wannan runduna a jere? Farisa da duk girman daularta 120,000 ta tara a Ƙadisiyya. Kuma kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙubu da Annabi Musa da har zuri'a za ta yaɗu haka? Daga nan ya bambance abu biyu. Tantance masu ruwaya, wanda malaman hadisi suka ƙware a kai, shi ne ma'aunin labaran da ke ɗauke da hukuncin shari'a. Labarin abin da ya faru tsakanin mutane kuwa, sai an fara auna shi da yadda zaman jama'a ke gudana: zai yiwu ko ba zai yiwu ba? Mutumin kirki yana iya kawo labarin da bai inganta ba, saboda son ɓangarensa ko yarda da wanda ya gaya masa, kuma wannan bai taɓa kirkinsa ba.

Kitabul Farƙi ɓangare ɗaya ne na masu yaƙi ya rubuta shi game da ɗaya ɓangaren. Faɗin haka bai rage wa Shehu daraja ba. Su kansu mutanen Sakkwato ba su ɓoye muryar abokin jayayya ba: Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno, waɗanda ke tuhumar hujjar yaƙar Barno da kakkausar murya, sannan ya ba da amsa. Da yana son a haɗiye maganarsa ba tauna, da ya bar wasiƙun nan a akwati.

Shi ya sa idan na tura ɗalibi kan jangali, wuri uku nake aika shi. Ya karanta abin da masu jihadi suka ce Haɓe na karɓa. Ya je Kaduna ya ga abin da Turawa suka ƙirga a kan kowace saniya. Sannan ya nemi tsohon makiyayi a ruga, wanda bai rubuta ko ɗaya daga cikin takardun nan ba, ya tambaye shi abin da kakansa ya ce ya biya, da inda suka kora shanu da suka ji masu ƙirga na tafe.