HUKUNCIN KWANA DA BINDIGA A ƊURE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, ga wata mas'ala da samari ma'aikatan kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai suke yawan kawowa bayan an tashi karatu, musamman waɗanda suka yi sabon aure suka tare a bayan gari. Suna cewa: mutum ne yake da bindiga mai baki biyu don tsaron gidansa, shin ya halatta ya kwana da ita a ɗure, a jingine bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa, don kada ɓarawo ya shammace shi?

Ba mu raina tsoron da ya haifi tambayar ba. Tun daga matsin tattalin arzikin da aka shiga a 1986, ga kuma rashin wutar lantarki, masaƙu da majemu da yawa suka rufe, wasu layukan suka zama kufai, babu fitila, babu mai wucewa. Wanda ya sauka daga aiki ƙarfe goma na dare ya kama hanyar Ja'en ko Panshekara ko Dakata, ya san abin da 'yan daba da masu ƙwacen waya suke yi. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'arsa su nemi makami su kare kansu, a 2022 na Zamfara, Bello Matawalle, ya faɗi irin wannan. To wanda ya ji shugabanni na faɗin haka, ba za a ce masa mahaukaci ba don ya yi tunanin bindiga.

Ka sani, Shari'a ba ta ce ka miƙa wuya a yanka ka ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada. Amma kariyar tana da tsari. A ruwayar Nasa'i, wani ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da mai son ƙwace masa dukiya, sai ya umurce shi ya fara tuna masa Allah, in ya ƙi ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu ya nemi hukuma, faɗa shi ne na ƙarshe. Malaman Malikiyya ma, kamar Shehu Halilu a Muhtasar, sun sa gargaɗi kafin duka, ga wanda zai fahimci gargaɗin. Kuma ɓarawon da ya juya baya yana gudu hannu wofi, jininsa bai halatta gare ka ba. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

Sai maganar hukuma, a taƙaice. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma ɗora wa mai ita alhakin adana ta, da kai rahoto in ta ɓace ko an sace. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Har kamfanonin gadi masu zaman kansu, dokarsu ta 1986 ta hana su riƙe bindiga. Saboda haka wanda ya sayi ƙirar maƙera a ɓoye, ba ajiya za mu koya masa ba, nasiharmu gare shi ita ce ya rabu da ita ta hanyar hukuma. Hedikwatar 'yan sanda tana nan Bompai. Magana a nan da mai lasisi ake yi.

To, kai mai lasisi, zo mu yi lissafi. Ɓarawo zai zo maka dare ɗaya, wataƙila ma ba zai taɓa zuwa ba. Bindigar kuwa tana nan kowane dare da kowace rana. Tana nan sa'ad da kake Sharada kana tsaye kan inji awa takwas. Tana nan sa'ad da matarka take shara ta ɗaga katifa, sa'ad da ɗanka mai shekara biyar ya gama haddace duk inda kake ɓoye kaya, sa'ad da 'ya'yan maƙwabta suka shigo kallon talabijin. Wa yake tsaron gidan daga bindigar a duk waɗannan lokuta? Wannan ita ce ainihin mas'alar: shin ya halatta ka ɗora wa iyalinka haɗari tabbatacce na kullum, don gudun wani haɗari da ake zato?

Dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da abin da ya yi kama da wannan. Abu Musa al-Ash'ari ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba shi labari, sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umurni a kashe ta in za a yi barci. Lura, bai haramta wuta ba. Da ita ake tuwo, da ita ake jin ɗumi, ita ce ma take korar ɓarawo da haskenta. Abin da ya hana shi ne a bar ta da rai alhali mai ita ba ya cikin hayyacinsa. Imamu Nawawi, wajen sharhin hadisin, ya nuna illar ita ce tsoron gobara, in an aminta daga gobara babu laifi. To bindigar da ke ɗure, wuta ce da aka rufe da ƙarfe, kuma ba a aminta daga gare ta ba. Illar tana nan, hukuncin yana bin illa.

Ba nan kaɗai ba. Ya umurci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu da hannunsa, kada ya karci wani Musulmi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa ya hana a miƙa wa mutum takobi a zare. Ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannun. Duk waɗannan, babu wanda ya yi niyyar kisa a cikinsu. Mai kibau kasuwa za shi. Amma ba a bar shi da kyakkyawar niyyarsa ba, an ce ya rufe tsinin. In takobi sai a kube, yaya bindiga?

Wani zai ce, ai tana da maɓallin tsaro. Ɗan'uwa, tambayi masu gyaranta. A bindigogi da yawa irin wannan, maɓallin kunama kaɗai yake tarewa, gudumar da ke ciki tana nan a ɗane. Mai baki biyu wadda ba a ganin kunnuwanta a waje, karya ta ɗin da ka yi don sa harsashi, shi ne ya ɗana ta. In ta zame daga jikin bango ta bugi siminti tana iya tashi ba wanda ya taɓa ta, balle in ta tsufa. Maɓallin kuma da babban yatsa ake tura shi, yaro ma yana da babban yatsa. Harbinta ba ƙwaya ɗaya ba ce, tarin dalma ne, ƙofar langalanga ko ta katako ba ta tare shi daga kusa. A gidan haya, bayan ƙofar nan iyalin wani ne.

Wani kuma zai ce, ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, bindigar ita ce ɗaurin raƙumina. Madalla. Sai dai ita ma raƙumi ce, kuma kai ka sake ta a tsakar gida.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci: kafin in buɗe akwati in sa harsashi, ai an gama da ni. Ba mu ce wannan ƙarya ne ba. Akwai daren da jinkirin zai iya cutar da kai, kuma wanda ya ce maka babu ya ruɗe ka. Amma tuna da tsarin nan da muka ce ka riƙe. Gargaɗi yana son lokaci. Gane wanda ke tsaye a duhu yana son lokaci. A unguwannin ma'aikata wa ke motsi ƙarfe biyu na dare? Ƙaninka ne da ya taso daga aikin dare a Challawa, ya tarar an sa sakata, ya haura katanga don kada ya tashi mutane. Matarka ce ta fita kewayawa. Almajirin gidan ne ya farka neman ruwa. Mutumin da aka fizgo daga barci, zuciya na bugawa, hannunsa ya fi hankalinsa saurin tashi. Ɗan lokacin da za ka yi kana lalubar makulli, shi ne lokacin da hankalinka zai cim ma hannunka, ka kunna tocila, ka ɗaga murya ka ce, "Wane ne nan?"

Akwai kuma ɓarawon da ba ya haura katanga, wato fushi da yanke ƙauna. A 1986 wani likita a Amurka, Arthur Kellermann, da abokin aikinsa suka buga lissafin mutum 398 da bindiga ta kashe a cikin gidajen da ake ajiye ta, a yankin birnin Seattle, cikin shekara 6. Tara kaɗai aka kashe wajen kare kai. 12 kuskure ne, 41 kisan ganganci, 333 kuwa su suka kashe kansu. Amurka ba Kano ba ce, kuma lissafin bai ƙirga ɓarayin da suka gudu ba a harbe su ba. Duk da haka ka tambayi kanka: ranar da kamfani ya sallame ka ba zato, ga mai gidan haya a ƙofa, ga mace ta faɗa maka baƙar magana, kana so a ce tsakaninka da kunama taku biyu ne?

In abin ya auku, kada ka zaci kalmar "kuskure" za ta wanke ka. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure. Diyyar raƙumi 100 ce, ko dinari 1000 na zinariya, a kan danginka na wajen uba, cikin shekara uku. Kaffarar kuwa a kanka take kai kaɗai: 'yanta baiwa ko bawa mumini, tun da babu su yanzu, azumin wata biyu a jere. A mazhabar Maliku, in ɗanka ne ka harba, ba ka cin gadon ko kwabo daga diyyarsa. In yaro ne ya ɗauka ya harbi ɗan maƙwabci, gangancin yaro a Shari'a kuskure ne, diyyar ta koma kan dangi. Amma kai da ka ɗura ka jingine ka tafi aiki, kai ne makiyayin gidan, kai za a tambaya.

Saboda haka abin da muke gani shi ne, barinta a ɗure inda hannun wani zai kai bai halatta ba, sakaci ne da amana. Cire harsashi, ka leƙa bakin biyu da idonka, kada ka ce ai jiya na cire. Sa mai walda ya yi maka akwatin ƙarfe a kafe shi jikin bango, domin wanda ba a kafe ba ɓarawo zai ɗauka da rana kana wurin aiki, ka zama kai ka ba shi makami. Harsashi a wani mazubi daban mai nasa kwaɗo. Makulli a jikinka, ba a kan ƙusa ba, ba cikin aljihun rigar da ka rataye ba. Kuɗin da ya rage ka sa shi a ƙofa mai ƙarfi, da ƙarfen taga, da fitila mai aiki da hasken rana, ka kuma san maƙwabtanka da 'yan sintirin layinku, su ne Musulmin da hadisi ya ce a fara kira. Kuma ka daina ba da labarinta a majalisa.

In tafiya ta kama ka, makullin ya bi ka, kada ka bar wa ƙani ko yaron gida da sunan ya kula da iyali. Ka kuma rubuta cikin wasiyyarka cewa lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Ranar da ka rasu, magada su sanar da 'yan sanda su miƙa ta, kada su sa ta cikin kayan da za a raba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.