WA ZA A TAMBAYA JININ TANTABARA?

 

Ya ku 'yan'uwana matasa, wani yaro a nan Tsamaye ya tsayar da ni bayan sallar Magariba da tambaya. Ya sayo namijin tantabara daga kasuwar Sabon Birni, ya jefa shi cikin ɗakin tantabarunsa, ya rufe ƙofa don kada baƙon ya gudu. Da gari ya waye ya tarar tsofaffin ɗakin sun fige masa ƙeya har ƙashi, kafin azahar ya mutu. Ya ce, "Malam, ni ban taɓa shi ba. Ina da laifi?" Wasu da ke wurin suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin tambaya ce ta mai tsoron Allah.

Da farko kiwon tsuntsu halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) bai hana ba, har ya yi masa raha yana tambayarsa labarin tsuntsun. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji 60 daga wannan hadisi kaɗai, kuma Ibn Hajar ya kawo su cikin Fathul Bari, har da halascin tsare tsuntsu a keji. Saboda haka kada wani ya ce mun haramta abin da Allah bai haramta ba.

To, amma me ya sa suke faɗa? Wani ɗan ƙasar Norwe, Schjelderup-Ebbe, ya daɗe yana lura da kaji, ya wallafa bincikensa wajen 1922. Ya nuna cewa kowane garken kaji yana da jerin girma: wannan tana saran waccan, waccan tana saran ta ƙasa da ita, kowace ta san matsayinta. Da zarar an kawo baƙuwa sai jerin ya rushe, a koma sara har a sake shirya shi. Duk tsohuwar da ta taɓa kiwon kaji a ƙasar Gobir ta san wannan ba tare da ta shiga jami'a ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, cikin littafin da ya fitar a 1949. Ya haɗa kurciyoyi biyu a keji ɗaya don su hayayyafa, ya yi tafiya zuwa birnin Biyana. Da ya dawo sai ya tarar ɗaya ta fige ɗayar tun daga ƙeya har gadon baya, tana tsaye a kanta tana ci gaba da sara. Kurciya fa, wadda Turawa suka mayar alamar zaman lafiya! Bayaninsa shi ne, a daji idan kurciya ta ga an fi ƙarfinta sai ta tashi, faɗa ya ƙare nan take. Fiffike shi ne mafitar da Allah Ya ba ta. Wanda ya sa ta a keji ya ƙwace mata wannan mafita, ita kuwa mai saran ba ta san lokacin tsayawa ba.

Kun ga ke nan inda amsar take. Tsuntsu ba mukallafi ba ne, ba a aiko masa Manzo ba, ba a ɗora masa shari'a ba. Allah Ya gaya mana a Suratul An'am, aya ta 38, cewa tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, kuma Muslim ya ruwaito cewa ranar Ƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Wannan tsakaninsu ne da Mahaliccinsu. Amma wa ya rufe ƙofa? Ku tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, a Bukhari da Muslim. Hadisin bai ce ta doke ta ko ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Duk wanda ya hana wata halitta kare kanta, to kariyar ta koma wuyansa.

Na ce wa yaron, tunda bai sani ba kuma bai yi nufi ba, muna yi masa fatan rangwame wurin Allah, sai ya yi istigfari. Amma daga ranar ya sani. Baƙon tsuntsu a ware shi kwanaki cikin kejinsa inda za su riƙa ganin juna. A ƙara tukwanen ƙwai su fi yawan ma'aurata, a raba kaskon ruwa da wurin zuba gero, a cire mai rauni da zarar an ga jini. Wanda ba shi da hali ya rage su, ya sayar ko ya yanka.

Wanda kuwa yake haɗa zakaru biyu ko raguna da gangan, samari sun yi da'ira suna ihu, har ana aza kuɗi, wannan maganarsa daban. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hani a kan zuga dabbobi su yi faɗa. Gaskiya ne malaman hadisi sun yi magana kan isnadinsa, kuma ba mu ɓoye irin wannan. Sai dai haramcin azabtar da mai rai da haramcin caca ba su jira wannan hadisi ba.

Akwai abin da ya hana ni barci bayan tafiyar yaron. Tun 2019 'yan bindiga suke tayar da ƙauyukan Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka tsallaka yankin Maradi, wasu suka tare gidajen dangi. Gidan da aka gina don mutum 8 ya koma ɗaukar 20, murhu ɗaya, randa ɗaya, fita gona kuwa sai da fargaba. Sai ka ji matan gida da baƙi suna cacar baki kan guga, yara suna dambe kan tabarma, maigida ya kaɗa riga ya tafi majalisa yana cewa, "Zo mu zauna, zo mu saɓa." Haba! Shi ne fa mai riƙe da ƙofar, kuma Annabi (S.A.W.) ya ce kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya zo gudun hijira ba shi da inda zai tashi ya koma.

Amma kada misalin ya ruɗe ku. Mu ba tantabaru ba ne. Matsi yana bayyana dalilin faɗan mutum, ba ya wanke shi, domin an ba shi hankali, an gaya masa ya yi alwala ko ya zauna idan fushi ya taso. Kai saurayin da aka haɗa ka ɗaki da ɗan kawunka wanda ya baro gonarsa da kabarin ubansa, kai ne tsohon ɗaki, shi ne baƙon. Idan ka matsa masa don ka ga ba shi da wurin zuwa, ba za ka ce ɗabi'a ce ta sa ka ba.

Yaron ya dawo bayan mako biyu ya ce ya sayar da tantabaru 6, ya saƙa ƙaramin keji na kara don baƙi. Ya kuma tambaye ni ko zai yi sadaka da kuɗin guda ɗaya. Na ce ba wajibi ba ne, amma ban hana shi ba.