Shirun Baƙo, Ladabi Ne Ko Tsoro?

Da magana nake cin abinci, shekara tara ke nan ina gaban makirfo a Damagaram. Amma watannin farko da na yi a Bulgeriya, ina aikin sa kai a wani gidan kula da tsofaffi a Sofiya, shiru na fi yi.

Kaina ne ya fara ba ni kunya. A can gyaɗa kai sama da ƙasa na nufin a'a, girgiza shi kuwa na nufin i. Aka miƙo mini rakiya, ba irin wadda muke yi wa baƙo ba, wata giya ce mai ƙarfi ta ƴaƴan itace. Na girgiza kai, aka cika mini kofi! Abinci bai ba ni wahala ba: banitsa, wani gashin fulawa mai cuku, da nononsu mai kama da kindirmo. Sai dai in tambaya ko da alade a miya.

Tarihi ne ya tsaya mini a wuya. Na tashi ina jin sunan Daular Usmaniyya da alfahari. Wata tsohuwa da nake tura wa keke ta ce mini mulkin Turkawa, daga 1396 zuwa 1878, bauta ce ta shekara ɗari biyar. Ban ce uffan ba. Bayan kwana biyu mai girkinmu, Baturkiya Musulma haifaffiyar ƙasar, ta ba ni nata labarin: a 1985 gwamnatin kwaminisanci ta tilasta wa mahaifinta sauya suna, a 1989 kuma sama da mutum dubu 300 suka fice zuwa Turkiyya. Nan bakina ya buɗe, na jajanta mata sosai.

Da dare abin ya dame ni. Me ya sa na yi wa ɗaya jaje, na yi wa ɗaya shiru? Na so in kira shi ladabin baƙo, amma mai ladabi da gaske da ya saurari kowa daidai. Ni dai na zaɓi ciwon da ya yi kama da nawa ne. A ganina ba dole baƙo ya yanke hukunci a tarihin masu gida ba, amma bai da hurumin toshe kunne ɗaya.

Ranar 3 ga Maris, bikin ƴancinsu, na zauna kusa da tsohuwar, na ce, "Kaka, me iyayenki suka faɗa miki game da zamanin nan?" Ta yi awa guda tana magana. Rabi kawai na gane.